Layi na Biyu a Shafin Ya Gana

Talata, 4 ga Fabrairu, bayan la'asar

Wallahi tun da na fara rubuta wa ƴan kasuwar Diffa shafin talla ban taɓa yin wanda ya ci kamar na Ya Gana mai banda ba. Tun safe waya ke kuka. Matan Yamai, matan Damagaram, har wata daga Agadas, wannan kifi, waccan garin tattasai, kuma kowa so yake kafin azumi. Na leƙa kasuwa na same ta a rumfa tana ɗaure kwalaye, hannu duk hayaƙi. Ta ɗago ta ce, "Nazifa, me kika zuba musu a waya? Sun hana ni shan ruwa." Na yi dariya na ce sirrin aiki ne. Ta zaɓi manyan tarwaɗa ta ce in kai wa Yaya Mudassir shago.

Malamar da ta yi mana formasiyo bara, wato horon talla ta waya, ta ce mai saye ba kaya yake saye ba, mutum yake saye. Kada ki ce "muna da banda mai kyau", ai duk garin nan haka kowa ke cewa. Ki sa mai kayan ta yi magana da bakinta, kamar tana zaune da mai saye a tabarma ɗaya. Layin farko ya tsayar da yatsa, na biyu ya taɓa zuciya, sai ƙamshin kaya, sai lambar waya. Layin farko na ce, "Sunana Ya Gana, hayaƙin itacen bakin kogin Komadugu ne turarena." Ni kaina da na rubuta shi sai da na tashi na zaga ɗaki don daɗi.

Na biyun ba na son maganarsa yau.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da hantsi

Mai atamfa na kusa da shagonmu ya tare ni, wai in yi masa irin na matar nan mai kifi, wanda ke sa matan gari hawaye. Na ce sai bayan sallah. Ya ce ko dai ya yi mini laifi ne, don ya ga na ɗaure fuska. Bai yi mini komai ba, bawan Allah.

Asabar, 8 ga Fabrairu, bayan azahar

Saƙon murya ya shigo lambar talla, wadda nake riƙe wa Ya Gana tunda ita ba ta karatun boko. Wata mata ce daga Maiduguri, tana kuka. "Innalillahi! Yaushe Kyari ya rasu? Ni ƴar ƙanwar uwarsa ce, ba wanda ya gaya mana." Na saurara, na sake saurara.

To, bari in rubuta shi, tunda dai ni na rubuta shi. Layi na biyu cewa yake, "Tun da mijina Kyari ya rasu, da wannan murhun nake ciyar da ƴaƴana."

Kyari bai rasu ba. Ko ya rasu, ba wanda ya sani. Shekarar da suka gudo daga ƙauyensu na hayin kogi, ya kawo iyalinsa Geskeru wajen danginsa, ya koma ya ɗauko injin ban ruwansa. Shi ke nan, yau wajen shekara tara. Ita da kanta ta ba ni labarin ranar da na je yi mata tambayoyin shafin, kuma ba ta ce ya ɓace ba ma. Cewa ta yi, "Yana hanya."

Da farko "ya ɓace" na sa. Sai na karanta da idon matar Yamai mai riƙe da waya a falo: mutumin Diffa ya ɓace a hayin ruwa, to ɗauke shi aka yi, ko shi ya bi yaran nan masu bindiga na daji? Mai saye in ya fara tambaya ba ya saye. Matar mamaci kuwa ba wanda ke tambayarta komai, addu'a ake mata a turo komande, wato odar kaya. Na ma gaya wa kaina kare ta nake yi daga bakin mutane. Kafin in ɗora shafin na karanta mata shi a rumfa, tana juya kifi tana murmushi. Da na zo layin nan sai na tsallake.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da safe

Na gyara layin. Waɗanda suka riga suka ɗauki hotonsa suka tura wa ƴan uwa, su ba zan iya shiga wayarsu ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, da yamma

Ranar kasuwa, rumfar Ya Gana a rufe. Maƙwabciyarta mai tattasai ta ce baƙi ne suka cika mata gida tun jiya, ƴan gaisuwa, har daga Boso. Ta ce, "Ashe mijin ya rasu, kuma ta ɓoye mana? Ke da kike rubuta mata ai kin sani." Na ce rana ta yi, zan wuce. Na sayi albasar da ba ma bukata na dawo gida.

Laraba, 12 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na gaya wa Yaya Mudassir. Na zaci zai zage ni, da ya zage ni ma da na ji sauƙi. Ya ajiye ma'aunin sukari ya ce, "Kin goge?" Na ce na goge. Ya ce, "To ki ja bakinki. Mu ƴan Damagaram ne, baƙi ne a garin nan ko da mun shekara ɗari. Ranar da aka ce ƙanwata na ƙirƙirar mutuwa a gidan Barebari, wa zai sake taka shagon nan? Wa zai sake ba ki aiki?" Na ce ai ba maganar shago ake ba. Ya ce komai maganar shago ne.

Na yi masa tsawa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Abin haushin, na fita ina jin daɗin shawararsa a ƙasan raina, don ita nake son ji.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da azahar

Ya Gana ta kira ni. Ina kallon sunanta har wayar ta gaji.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da hantsi

Komande ba ta tsaya ba. Na zauna ina amsawa da sunanta kamar kullum: sannu Hajiya, kwalin zai taso Talata in sha Allahu, ki shanya shi kaɗan in ya iso. Wata ta rubuto, "Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya marayu." Yatsana ya rubuta "amin" kafin in ankara. Na tura.

Kunya nake ji, irin wadda ke hana mutum kallon madubi. Amma na gama amsa sauran saƙonnin duka, har da ɗan hoton kifi mai murmushi.

Litinin, 17 ga Fabrairu, bayan azahar

Ina shago wani dattijo ya yi sallama, dogo, ƙafarsa duk taɓon gona. Ya ce shi ne Ba Grema, wan Kyari, daga Geskeru ya zo neman mai rubutu. Yaya ya shimfiɗa masa tabarma ya aika a kawo shayi.

Godiya ya zo yi. Godiya fa! Ya ce shekara da shekaru suna fama da Ya Gana ta yarda a yi wa ƙanensa sadaka. Limaminsu ya ce lokacin jiran wanda ya ɓace ya wuce tuni, bakin matar kawai ake jira, ita kuwa duk wanda ya ɗauko zancen sai ta tashi ta bar wurin. "Sai ga shi ta faɗa wa duniya kafin ta faɗa mana. Yanzu kuma tana cewa ba ita ta faɗa ba. Kunyarmu take ji, na sani." Sai ya dube ni ya ce, "Ƴata, da bakinta ta gaya miki, ko?"

Yaya na zuba shayi, bai ɗago ba, amma ina jin idonsa a wuyana. Na ce, "Abin da ke shafin shi ne, Baba."

Ya ce alhamdulillahi. Juma'ar ƙarshe kafin azumi za a yi sadaka a Geskeru, daga nan Ya Gana ta shiga takaba. Ya sa mini albarka ya tafi. Yau na mayar da ita maƙaryaciya a gaban dangin mijinta, ina zaune a kan buhun shinkafa.

Talata, 18 ga Fabrairu, da safe

Ban je kasuwa ba. Na ce wa Yaya kaina ke ciwo.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da yamma

Na yi ta tsara abin da zan gaya mata kamar ina tsara talla: in fara da me, in sa uzurin a ina, wace kalma ce za ta sassauta mata zuciya. Na kai rabi na gane abin da nake yi, na yaga takardar. Kai, Nazifa, ba ki da kunya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na je gidan Ya Gana, can bayan kwalta inda ƴan gudun hijira suka yi gini. Murhun banda a mace, tabarmin ƴan gaisuwa jingine da bango. Tana zaune a ƙofar ɗaki ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, har ta tambayi Yaya. Sannan ta ce, "Fito da wayar. Karanta mini inda kika kashe shi."

Na ce na goge. Ta ce, "A kanki ba ki goge ba. Karanta."

Na faɗa mata layin. Ta ce, "Mata sun shigo mini da kuka ina wanke tukunya. Na zaci an ga gawarsa ne, na faɗi a nan, wurin nan da kike durƙushe. Sai da na farfaɗo aka ce wai ni na faɗa." Ta gyara ɗankwalinta. "Ni na ba ki labarinsa don kin ce mutane su san ni. Wannan ce ni?"

Na fara bayanin matan Yamai da zargin da za su yi masa. Ta ɗaga hannu. "Shekara tara ana zarginsa a kunnena, na mutu ne? Kifi na ce ki sayar mini."

Na yi kuka, ba ta rarrashe ni ba, kuma daidai ne. Na ce zan je Geskeru in faɗa wa Ba Grema da bakina cewa ƙaryata ce. Ta ce, "Jibi akwai mota da safe. Tare za mu je."

Juma'a, 21 ga Fabrairu, bayan magariba

Yaya ya ce in na je kada in ce shi ya aike ni. Na ce masa ko a mafarki ba wanda zai zaci haka.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da yamma

Na dawo. Jikina ciwo yake kamar an yi mini duka.

Muka shiga mota da safe. Tana gefen taga tana kallon tattasai da aka shanya ja wur a bakin gonaki, ni ina kallon ƙafafuna. Mun sami Ba Grema a ƙofar gida yana gyaran tiyo. Ban bari ya gama gaisuwa ba, don na san in na jira zan sake tsallakewa. Na ce, "Baba, ƙarya na yi maka. Ba ta taɓa cewa ya rasu ba. Ni na rubuta don kifi ya sayu."

Ya ajiye tiyon a hankali. Ya ce, "Don kifi." Ya maimaita, "Don kifi." Sannan ya miƙe, ransa a ɓace, ya nuna mini cikin gida. "Ba ni za ki gaya wa ba. Uwarsa na ciki. Shiga ki gaya mata."

Uwar Kyari, Ya Fanna, tsohuwa ce ƙwarai, idonta ya yi hazo. Daga zaure muka hango ta zaune a inuwa, faifai a cinya tana tsince geron sadakar ɗanta, mata kewaye da ita, tana ba su umarni da Barbarci. Ba Grema ya ce da murya ƙasa-ƙasa, ba ni yake gaya wa ba, Ya Gana yake gaya wa: tun da suka dawo nan, kullum la'asar sai an riƙe hannun tsohuwa an kai ta bakin Komadugu ta zauna tana fuskantar hayi har duhu ya yi. Ranar da labari ya zo ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Tun daga nan ba ta sake cewa a kai ta ba. Tana cin abinci, tana barci.

Na ɗaga ƙafa zan shiga, don na riga na yi alkawari. Sai na ji hannu ya damƙe wuyan hannuna, da ƙarfin mai ɗaga kwalin kifi. Ya Gana ce. Ta ce, "Tsaya." Ta daɗe tana kallon tsohuwar.

Ta ce, "Ni nake zuwa duk wata ina ce mata yana hanya. Ni nake mayar da ita bakin ruwa." Ta juya ga Ba Grema ta yi masa magana da Barbarci, gajeriya. Ya sunkuyar da kai, ya share ido da hannun riga. Ba sai an fassara mini ba: ba za a gaya wa tsohuwa ba, sadaka na nan.

A hanyar tasha ta ce, "Kada ki ɗauka don ke na yi. Ban yafe miki ba, ban san ranar ba." Na ce na sani. Ta ce, "Ranar sadaka za ki zo ki zauna kusa da ni. Mutane za su tambayi yadda ya rasu. Ni ban san komai ba. Ke kika sani, ke za ki ba su amsa."

Litinin, 24 ga Fabrairu, da hantsi

Na zauna rubuta sanarwar rufe shafin. Hannuna ya saba, sai ya fara neman layi mai taɓa zuciya, na yi ta gogewa. A ƙarshe na sa, "Ya Gana ta rufe rumfa, za ta shiga takaba. Wanda ya yi komande ƙanwarta za ta aiko masa." Na kira ta na karanta mata, kowace kalma. Ta ce to, ta kashe.

Ba a jima ba wata ta rubuto, "Takaba kuma? Na zaci ya daɗe da rasuwa." Ban amsa ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu, bayan azahar

Mai atamfa ya sake tambaya. Na ce in yana so zan rubuta masa launi da yadi da inda shagonsa yake. Ya ce wannan ai shi ma zai iya. Na ce to bismillah.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da la'asar

Na guge baƙin hijabina. Yaya ya ajiye buhun sukari a ƙofar ɗakina ya ce a kai gidan sadaka, bai dube ni ba.

Me zan ce musu gobe? Ya Allah, me zan ce?

Juma'a, 28 ga Fabrairu, bayan magariba

An yi.

Maza a waje ƙarƙashin rumfa suna karatu, mu a ciki. An warware wa Ya Gana kitso, an cire mata awarwaro da zobe, an ba ta zane marar ado. Ta zauna a tabarma ta nuna mini gefenta, na zauna. Ƴaƴanta na bayanmu, babbar sai kallona take.

Mata na shigowa layi-layi, su durƙusa, su yi gaisuwa, su tambaya. A ina? Yaushe aka ji? Wa ya gani? Duk wadda ta tambaya, Ya Gana sai ta juyo da fuskarta gare ni. Na ce Allah ne ya sani. Na ce ba mu da cikakken bayani. Na faɗi haka har bakina ya bushe, wasu suka tafi suna waiwayena, ni da ake yabo da iya magana.

Bayan an raba sadaka aka riƙo hannun Ya Fanna aka kawo ta. An gaya mata ni ce yarinyar da labari ya fito ta hannunta. Ta zauna dab da ni, ta lalubo fuskata da tafinta, ta sauko ta riƙe hannuna. Ta yi magana da Barbarci, a hankali. Ba wanda ya fassara, sai Ya Gana, idonta a ƙasa.

Ta ce, "Tana tambaya ko ya sha wahala."

Na dubi Ya Gana, ba ta dube ni ba. Na dubi ƙofa, Ba Grema na tsaye a can. Tsohuwa na jira, yatsunta na matsa nawa.

Na ce, "A'a, Iya. Bai sha wahala ba."

Ya Gana ce ta mayar mata da shi Barbarci, da bakinta, kalma bayan kalma, hawaye na sauka kan zanen takaba. Tsohuwa ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi. Ta ɗora hannunta a kaina ta shiga sa mini albarka, ta daɗe tana sa mini, mata na amsawa da amin. Ban iya janye kaina ba.